Rahmat da Sunaye Ɗari Biyu da Tamanin da Shida

Rahmat 'yar unguwar Lamisula ce. A can aka haife ta, a wani gida mai bishiyar maina a ƙofa, kuma a can take har yau. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara huɗu, sai yayar mahaifiyar, Zainaba, ta ɗauke ta ta riƙe. Ba wanda yake kiran Zainaba da sunanta a unguwar. Yakura ake ce mata, wato babbar uwa da Kanuri, har masu zuwa sayen turaren wuta da humra a wajenta haka suke kiran ta, domin sana'arta ke nan tun tana amarya.

Mijin Yakura, Alhaji Ya'akubu, wake yake sayarwa a kasuwar Gamboru. A shekarar da aka rufe layukan waya a Borno, ya kama hanyar Damboa da hantsi zai je ya saro kaya, ya ce a ajiye masa tuwonsa. Ba a sake ganin sa ba, ba shi, ba motar, ba direban. Yakura ba ta yawan magana a kan wannan. Ta yi takaba lokacin da malamai suka ce ta yi, ta koma kan tukunyarta ta turare, amma daga ranar ta kafa doka ɗaya a gidan: duk wanda yake cin tuwonta ba zai wuce shingen sojoji na ƙarshe da ke bakin gari ba, ko biki ne ko mutuwa.

Rahmat ta gama sakandare a makare, saboda makarantarsu ta yi fiye da shekara a rufe, azuzuwan cike da mutanen da suka gudo daga garuruwansu. Jami'a ba ta samu ba. Ta yi shekara biyu tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da gidan waya, har yatsunta suka iya tafiya ba tare da ta kalle su ba. Daga nan wata ƙungiyar agaji mai ofis a unguwar Maisandari, nan cikin gari, ta ɗauke ta aikin rajista. Aikin shi ne ta shiga sansanin 'yan gudun hijira da babbar waya a hannu, ta bi tanti-tanti, ta tambayi sunan mai gida, sunan ubansa, garinsu, ranar haihuwarsa, yaransa nawa, ta cike fom ta aika ofis. Kanuri da Hausa duk tana ji, da ɗan Larabcin Shuwa na gaisuwa da ciniki, saboda haka tsofaffi sukan ce a turo musu ita. Shekara uku tana wannan aiki, kuma da yake duk sansanonin a cikin gari suke, dokar Yakura ba ta taɓa tare mata hanya ba.

Sai shekarar da aka tarwatsa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, garin ya zauna wata da watanni ba wuta. A cikin wannan shekarar aka ce za a rufe sansanonin cikin gari, a mayar da mutane garuruwansu. Inda mutane suka koma kuwa, can masu rajista za su bi su. Aka tara su a ofis aka gaya musu tsarin: daga ƙarshen damina, mako biyu a waje, mako ɗaya a gida, tafiya da rakiyar sojoji. Wanda ba zai iya ba ya faɗa da wuri a nemi wani.

Rahmat ta kai maganar gida da yamma. Yakura tana zaune a kujerar tsuguno tana juya sukari a kan itacen turare don kada ya kama, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba. Da ta sauke tukunyar ta ce an gode wa ƙungiya, Allah Ya saka musu, amma in sai an fita gari, to aikin ya ƙare ke nan. Ga tukunya nan, dama bayanta ya fara ciwo. Rahmat ba ta yi musu ba. Ba ta saba ba, kuma ta san ba taurin kai ne yake sa tsohuwar faɗin haka ba. Turaren ma ba ta raina shi, da shi aka ɗinka mata kayan makaranta. Sai dai ta saba da fita da safe, ta saba a ce ga aikin Rahmat, kuma ta san in ta zauna a gindin tukunyar nan yanzu, zaman ke nan.

Kwana uku bayan haka aka manna takarda a allon sanarwa na ofis. Pindar, wanda yake rubuta wa sashen bayanai ƙananan manhajoji, ya samu aiki a Abuja ya tafi, ana neman wanda zai maye gurbinsa daga matakin farko. Aikin zaune ne, a ofis, ba fita. Za a yi jarrabawa bayan mako tara, ma'aikatan gida ma suna iya nema. A ƙasan takardar an jera abubuwa goma sha ɗaya da ake so mai nema ya sani. Rahmat ta kwafe su a littafin rubutu, ta shiga keke napep tana karantawa har Lamisula. Biyu kawai ta gane. Sauran taran ko furta su ba ta iya yi ba.

Da farko ta ɗauki biro ta raba mako tara gida goma sha ɗaya, kowane abu da kwanakinsa. Taufiq, wani saurayi da ya karanta kwamfuta a jami'a yake bautar ƙasa a ofishin, shi ma yana neman gurbin, bai kuma ɓoye ba. Mutum ne mai kirki da yawan tsokana; Ya Rahmat yake ce mata, don ta girme shi da shekara biyu. Ya leƙa littafinta ya ce in shi ne ita, gina shafukan intanet zai fara koya, don nan duniya ta nufa. Wani ya ce a'a, manhajar waya. Bidiyon da ta sauke a ofis kuwa kowanne da abin da yake cewa a fara da shi. Mako ɗaya ya tafi a haka, ta taɓa nan ta taɓa can, ranar Juma'a ta tambayi kanta me ta iya, ta ga babu ko ɗaya.

Ranar Asabar ta tafi wajen Malam Wilson. Mutumin Marama ne, shi ya koyar da su kwamfuta a sakandare, lokacin da makarantar take da kwamfuta uku, biyu ba sa tashi. Yanzu ya bar koyarwa, yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago da hayaƙin janareta ya baƙanta rufinsa. Ya karanta jerin sau biyu da tabarau a kan hanci, ya yi dariya.

"Wanda ya rubuta wannan ma bai san sha ɗayan ba," ya ce. "Daga babban ofis ake turo irinsa a manna ko'ina. Ki bar takarda, 'yata. Shi Pindar ɗin, in ya zo da safe ya ajiye jaka, me yake yi har la'asar?"

Ta ce ba ta sani ba, ita dai tana ganin sa a gaban kwamfuta yana cin gyaɗa.

"To gyaɗar kin iya. Je ki tambayo sauran."

Ta nemi lambar Pindar ta kira shi. Ya ce aikin ba shi da wani sirri. Sunaye suna zuwa daga masu rajista a hargitse, sai ya rubuta manhajar da za ta tsaftace su. Wani lokaci a ce a haɗa jerin sansani biyu ya zama ɗaya. Kullum kuma Madam Rebeka, shugabar sashen, tana zuwa da tambaya, irin mata nawa ne suka haura sittin a wuri kaza, kuma tana son amsa kafin shayinta ya huce. Ya ce a shekara biyun da ya yi a kujerar bai taɓa gina shafin intanet ba ko ɗaya.

Da ta mayar wa Malam Wilson wannan, ya ɗauki littafin ya zana da'ira a kan abu uku. Na farko Python, harshen da za ta riƙa rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Na biyu SQL, hanyar da ake yi wa rumbun bayanai tambaya ya ba da amsa. Na uku Git, tsarin da ke ajiye tarihin aiki, yadda in mutum ya ɓata yau zai iya komawa inda yake jiya. Sauran takwas ya ce ta rufe ido a kansu, ba za su gudu ba.

Rahmat ta ce ai na ukun nan ba ya cikin abin da Pindar ya lissafa. Malam Wilson ya ce Pindar bai lissafa shan ruwa ba ma, amma yana sha. Ta ƙirga abin da ya rage mata: mako takwas, gari ba wuta, ga aikin sansani da rana. Ta ja layi a ƙarƙashin na ukun, ta rubuta a gefe cewa sai bayan an samu aikin. Ya kalli rubutun ya ɗaga kafaɗa, ya ce kanta ne, makonninta ne. Sannan ya zaro wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur ya ara mata, da littattafai biyu da bangonsu ya fita. Batirin kwamfutar awa ɗaya da rabi yake yi, in ba ta ƙara hasken fuskar ba.

A kan wannan awa ɗaya da rabin ta gina makonninta. Bayan asuba sai ta karanta, ta rubuta umarnin da biro a littafi, layi-layi, ta bi shi da yatsa kamar ita ce kwamfutar, tana tambayar kanta in an ba ta wannan me za ta mayar. A hanyarta ta fita sai ta bar kwamfutar wajen mai cajin waya na bakin masallaci, ta karɓo da yamma. Tsakanin la'asar da magariba ta zauna a tabarma ta buga abin da ta rubuta. Sau da yawa kwamfutar ta ƙi, ta fito da jan rubutu mai nuna kuskure, batiri ya mutu kafin ta gano inda ta kauce. Sai ta kwafe jan rubutun a littafi ta kwana da shi, ranar Asabar ta kai wa Malam Wilson, shi kuma ba ya gaya mata amsa, sai dai ya ce ta karanta masa da ƙarfi har ta ji da kunnenta. Yakura takan leƙo ta ga tana motsa baki a kan littafi, ta ce Kanuri da Hausa da Larabci da Turanci ba su ishe ta ba, yanzu kuma ta koma na aljanu. Amma ta daina sa ta dakan turare da yamma, ba tare da ta ce ta daina ba.

Mutum bakwai suka zauna jarrabawar. Aka zaɓi biyu, Rahmat da Taufiq, aka ce za su yi mako biyu na gwaji, ranar Juma'ar ƙarshe a riƙe ɗaya.

Madam Rebeka mace ce mai kusan shekara hamsin, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ba Taufiq aikin haɗa shafin da zai riƙa nuna wa manya alƙaluma. Rahmat kuwa ta kira ta ta zuba mata wani fayil a kwamfutarta: sunayen masu gida dubu huɗu da ɗari uku da goma, daga sansanoni uku da aka haɗe. Ta ce wasu sun yi rajista sau biyu, don sun tashi daga wannan sansani zuwa wancan. A cire maimaicin. Ranar Litinin da ƙarfe goma jerin zai tafi wajen masu buga katin abinci, kuma katin ne mutane za su tafi da shi garuruwansu. Wanda babu sunansa, babu katinsa.

Wannan aiki yana cikin littafin Malam Wilson, babi guda. Rahmat ta bi shi yadda yake: in suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, to mutum ɗaya ne, a bar na farko a share na biyu. Ta rubuta, ta gyara, ranar Juma'a da safe manhajar ta tafi ba jan rubutu ko ɗaya. Sunaye ɗari biyu da tamanin da shida suka fita. Ta ji wani sanyi a ranta. Sannan ta yi abin da ta saba yi tun tana shagon buga takardu, inda mai shagon ya hore su kada su bar takarda biyu ga mutum ɗaya, don kada a buga wa wani wadda ba a gyara ba: ta ajiye sabon fayil ɗin a kan tsohon, tsohon ya tafi. Kafin a tashi sallar Juma'a ta miƙa wa Madam Rebeka aikin. Madam ta duba adadin, ta gyaɗa kai. Taufiq ya ce shi ke nan, Ya Rahmat ta kore shi, ta taimaka ta tambayar masa ko ana neman mai juya turare a Lamisula.

Washegari Asabar ita da Yakura suka tafi bikin suna a unguwar Gamboru, nan cikin gari, gidan wani ɗan'uwan marigayi Alhaji Ya'akubu. An sa wa jaririn sunan kakansa na wajen uba, saboda haka ba wanda zai kira sunan a gidan, ba uban ba, balle uwar. Kafin a sauke shinkafa an riga an fara ce masa Ba'ana, wato ƙaramin baba, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ci sunan kaka. Mata suna zaune a tsakar gida ana ta wushe wushe, gaisuwar Kanuri, sai wata tsohuwa mai baki ta fara ƙirga da yatsu. Ta ce da wannan, Ba'ana biyar ke nan a gidan nan kaɗai, uku kuma ubanninsu duk Modu ake ce musu. In aka kira Ba'ana Modu ga nama, su uku suke zuwa; in aka kira ga aike, kowanne ya ce ɗayan ake nufi. Aka yi ta dariya, wata ta ce ai na mata masu suna Yagana ya fi, a layinsu in ka jefa dutse kan Yagana zai faɗa.

Rahmat tana riƙe da loma ta kasa kai ta baki. Ba sabon abu ta ji ba, a cikinsa ta girma. Abin da ya dawo mata shi ne hannunta a kan babbar wayar nan. Sau nawa ta tambayi mace sunan mijinta, matar ta kawar da kai don kunya, ta ce a dai rubuta Ba'ana? Sau nawa ta tambayi ranar haihuwa aka ce mata shekarar da ruwan madatsar Alau ya ci gari, ko shekarar fari? Fom ɗin ba ya karɓar gurbi a buɗe, an kuma koya musu in ba a san rana ba a sa ɗaya ga Janairu. Ita da kanta ta tuna wani layin tanti da ta rubuta Yagana Modu sau huɗu, duk 'yan gari ɗaya, duk haihuwar shekarar Alau, duk ɗaya ga Janairu, kowacce da tukunyarta da 'ya'yanta. Manhajarta ta bar ɗaya ta share uku.

Da suka koma gida ta buɗe kwamfutar, ko mayafi ba ta cire ba. Fayil ɗaya ne, mai tsafta. Sunayen da suka fita ba sa ko'ina. Ranar Lahadi ta jira Malam Wilson ya dawo daga coci, ya sa tabarau ya bincika kwamfutar ciki da bai, ya ce babu. Bai tuna mata da layin da ta ja a littafi ba. Ya ce tsohon jerin yana wuri ɗaya ne kawai, wajen wadda ta ba ta shi.

A hanyar gida ta auna abin da kyau. In ta yi shiru, ba wanda zai sani kafin Juma'a. Rabon kati sai bayan wata guda, a can bayan shinge, kuma ta san yadda ake yi a ranar, don ta sha tsayawa a wajen. Mace za ta yini a layi cikin rana, ta iso gaban tebur, a duba a ce mata ba ta cikin kwamfuta, ta matsa. Ba wanda zai ce Rahmat ce. In kuma ta yi magana, to ta je ta gaya wa mai zaɓe, ana saura kwana biyar, cewa aikin farko da aka ba ta ta ɓata shi, kuma ta share hanyar gyara da hannunta.

Ta gaya wa Yakura da Kanuri, a taƙaice, cewa ta goge mutane daga jerin abinci bisa kuskure.

"Mutuwa suka yi?" in ji Yakura.

"A'a, suna nan."

"To je ki gaya wa matar."

"Yakura, za ta iya sallama ta. Taufiq bai ɓata komai ba."

"Ta sallame ki ɗin. Hanya ba za ki bi ba, wannan na gama. Amma ba za ki zauna a kujera ki riƙa kawo min cefane da abincin 'ya'yan wasu ba."

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi tana bakin ofishin Madam Rebeka. Da matar ta zo ta buɗe, Rahmat ta bi ta ciki, ta gaishe ta, ta ƙi zama. Ta faɗi abin daga farko har ƙarshe, da Ba'ana da Yagana da ɗaya ga Janairu, ba ta ce littafi ne ya koya mata ba. Madam ta saurara tana riƙe da mukulli.

"Nawa ne mutanen gaske a cikin ɗari biyu da tamanin da shidan?"

"Ban sani ba, Madam. Ina jin sun fi rabi."

"Ina tsohon jerin da na ba ki?"

"Na ajiye sabon a kansa."

Madam Rebeka ta kalle ta, ta ce, "Ke da kike shiga tantin nan shekara uku." Ba ta ƙara ba, kuma Rahmat ta ce daga baya da zagi aka yi mata da ya fi sauƙi. Madam ta ɗauki waya ta kira masu buga kati ta ce su dakata zuwa Laraba. Ta kira na sama da ita, Rahmat tana tsaye tana jin muryar mutumin tana fita daga wayar, Madam tana cewa eh, daga sashenta ne, eh, ita ta karɓa ba ta duba ba. Da ta ajiye ta sake zuba mata tsohon jerin, ta ce wannan ko da wasa kada ta taɓa shi, ta kwafa ta yi aiki a kan kwafin.

Kwana biyu Rahmat ta yi ba ta ɗago ba. Sabuwar manhajar da ta rubuta ba ta share kowa. Tara masu kama da juna take yi, ta jera su gefe da gefe, ta fito da sunan bulama, wato mai unguwar da kowa yake ƙarƙashinsa, da yawan 'ya'ya da sunayensu, sannan mutum ya karanta da idonsa ya yanke. Yagana Modu mai 'ya'ya shida ƙarƙashin wannan bulama ba ita ce Yagana Modu mai goyo ɗaya ƙarƙashin wancan ba. Taufiq ya bar nasa aikin na awa biyu ya nuna mata yadda za ta haɗa jerin yara da na iyaye ba tare da ta maimaita layi ba, yana cewa a rubuta a tarihi shi da kansa ya wasa wuƙar da za a yanka shi da ita. Zuwa yammacin Talata ta gama bi ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da bakwai maimaici ne na gaskiya. Ɗari biyu da biyar mutane ne daban. Talatin da huɗu ta kasa rabewa, ta rubuta haka, ta ce a bar su a jerin har masu rajista su je su gani da ido. Madam ta karanta duka, wannan karon layi-layi, ta aika.

Ranar Juma'a aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Taufiq ya fara shiga, ya fito ya yi mata alamar ta shiga, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Madam Rebeka ta tura mata takarda a kan tebur: an ɗauke ta, wata uku na gwaji, da sharaɗi biyu. Cikin mako biyu za ta koyi ajiye tarihin aiki ta zo ta nuna, kuma ba abin da za ta rubuta ya fita daga sashen sai wani ya duba.

"Kada ki ɗauka kin fi shi iyawa," in ji Madam. "Ya fi ki nesa, kuma na rubuta masa takardar da za ta kai shi wani wuri. Amma ni na riga na sha faɗa a kan kuskurenki, kin kuma kawo min shi da ƙafarki. Ba zan sake farawa da wanda ban ga nasa ba tukuna."

Rahmat ta sa hannu. Da ta isa gida ta karanta wa Yakura takardar tana fassarawa. Yakura ta tambaya ko akwai inda aka rubuta fita gari, ko da sau ɗaya a shekara. Ta ce babu. Yakura ta sa ta sake karanta wajen da ya faɗi inda za ta zauna, ta ji Maisandari da kunnenta, sannan ta ce to Allah Ya sa albarka, ta miƙe ta tafi alwala.

Taufiq ya samu aiki a wata ƙungiya kafin ya gama bautar ƙasa, har yanzu suna gaisawa. Amsar talatin da huɗun nan kuwa sai bayan mako uku ta iso, a wata takarda da ta sha ninki, wadda ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinta na rajista ya cike da biro a can inda mutanen suka koma. Huɗu maimaici ne. Talatin suna nan, kowa da gidansa. Rahmat ta buɗe jerin ta gyara su ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowane suna ta rubuta ranar da aka gan shi da sunan wanda ya gan shi.